Kawu ya taya ni zaɓen kwamfuta

Jiya a shagon kwamfuta na ga abin da ya fi ƙarfina. Kawu Bello ya rungumi wata tsohuwar kwamfuta, ya jinjina ta, ya bubbuga mata ciki kamar yana taya saniya a kara.

Shi zai saya mini kwamfutar tace bidiyo, don tawa ta mutu da bidiyon bikin mutane a ciki. Ni mai katin hoto mai ƙarfi nake nema, wanda ke sa bidiyo ya tafi sumul, shi kuwa nauyi yake nema.

Ya ce, "Wagga muka ɗauka, yaro. Ita ad da nama."

Ban yi musu ba. Na ɗora mata bidiyon bijiminsa da yake son tura wa masu saye. Nan take hoton ya fara tsinkewa, bijimi ya taka, ya ƙame, ya sake takawa.

Kawu ya zabura. "Subhanallahi! Wa yag gurgunta min sa? Kashe ta kahin wani ya gani!"

Mai katin muka ɗauko. Yanzu amare suna jira, ni ina nan ina tace wa Kawu bidiyon shanunsa kyauta.

Jama'a, ni na ci Kawu ko shi ya ci ni?