Yadda Na Riƙe Kawu Tanko Har Ruwa Ya Sauka

Kada wani yaro a cikinku ya ji tausayina, ba shi na zo nema ba. Ni ɗan masaƙi ne a Birnin Gwari, amma zaman saƙa ya gundure ni, na koma zaman ƙofar alƙali. A nan na iya bakin shari'a, har mutanen ƙauye suka ɗauka ina da ilimi. Da tsire aka fara saye na in nuna wa mutum inda zai durƙusa, daga nan ido ya buɗe.

A zamaninmu alƙali yana da ƙa'ida. Duk wanda dabbar wani ta ji wa rauni da rani, sai ya kawo ƙara kafin ruwan farko, don da zarar ƙasa ta jiƙe Fulani sun tashi sun shige dajin Kamuku, babu saniya babu shaida. Diyya kam ba a yanke ta sai rauni ya warke, amma ƙarar dole ta riga ruwa. Mutanen ƙauye rabin maganar suka sani, ni kuwa da wannan jahilci nake ci.

Wani rani bijimin wani Bafulatani mai suna Buba ya soki Kawu Tanko a cinya, a gonarsa ta Tabanni. Kawu abokin mahaifina ne, noma kaɗai ya iya. Buba ya tsorata, ya same ni da karsana, ya ce in kai wa dattijon a sasanta. Na karɓa, na kora ta kasuwar Kazage na sayar.

Sannan na je duba Kawu. Ya ce, "Ɗana, a ɗauke ni a kai ni gun alƙali."

Na ce, "Haba Kawu, da ɗanyen ciwo? Ai ba a yanka diyya sai an warke. Kwanta abinka, ni ne idonka a birni."

Na san in ya je, zancen karsana zai fito. Duk sa'ad da ya aiko, sai in ce saura kaɗan. Ranar da hadari ya haɗu na tsaya tsakar gida ina murna, kamar ni ne mai shuka.

Da ya iya dogara sanda ya zo birni. Alƙali ya ce, "Ina ka shiga tun rani? Ruwa ya sauka, ƙara ta rufe." Kawu ya juyo ya dube ni, na dubi ƙasa. Ƙafar ta shanye, gonar ta zama saura, ba mai noma ta.

Da rani ya dawo Buba ya dawo, ya tarar da Kawu bakin kasuwa yana roƙon hatsi. Ya ce, "Baffa, ina karsanar da na aiko maka?" Kafin la'asar dogarai sun ɗaure ni. Na sha bulala, aka buga mini mari a ƙafa, aka jefa ni gidan yari cikin ƙuma da warin fitsari. Kawu bai sami komai ba, Buba ya riga ya biya, ni kuma na riga na cinye.

Na fito da furfura. Na tuba, na koma kan masaƙa, sannan na tafi Tabanni na durƙusa. Kawu bai ko ce in zauna ba.

Ya ce, "Tashi ka ba ni wuri, maci amana. Ban yafe ba. Akwai Alƙalin da ba Ya rufe ƙara, can zan kai ka."

Bai ƙara damina ba ya rasu.

To ku yara, ku buɗe kunnuwanku. In an ji muku rauni, ku kai ƙara tun jinin bai bushe ba, ko a kan amalanke ne, duk mai ce muku ku jira ku tofa masa yawu. In kuma bakinku na da zaƙi irin nawa, ku riƙe shi. Ni nan da kuke gani ina salla ina azumi, amma akwai ƙara a kaina, kuma wanda ya shigar da ita ya riga ni isa.