Layin 'yar fari

Ina da shekara arba'in da bakwai na shiga ajin yaƙi da jahilci a Wunti. Bayan la'asar nake zuwa, idan na rufe shagon ɗinki. Wata rana malamarmu ta ce duk halin da gari ke nema a wurin mutum, a gida ake fara koya masa. Sai ta ba mu aiki: kowa ya rubuto sunayen mutanen gidansa da abin da kowannensu ke yi wa gidan.

Na rubuta maiɗakina. Na rubuta ƙanena mai keke, da yara uku. Layin 'yar farina kuwa na bar shi babu komai.

Mu Fulani ne da muka zauna a gari. Shanu sun ƙare tun zamanin kakana, amma kunya tana nan. Ba ma kiran sunan ɗan fari. Har mahaifina ya rasu "kai" yake ce mini, kuma ban taɓa zaton ba ya ƙaunata ba. Ni ma shekara ashirin da biyu "ke" nake ce wa 'yar farina.

Ita ce kuwa ke duba mini aiki idan ta dawo daga jami'a a Gubi. Ta karanta takardar, ta sake karantawa.

"Baba, har Baffa ya samu shiga. Ni fa? Haya nake yi a gidan nan?"

Dariya take yi, amma idonta ya kawo ruwa.

Mahaifiyarta ta leƙo daga madafa. "Ke ma kin san al'ada."

"Na sani, Inna. Malamarsu ce ba ta sani ba. Za ta ɗauka 'ya'yansa uku ne."

Na daɗe ina kallon layin. Kiran sunan da baki aka hana ni. Mahaifina bai taɓa riƙe biro ba, balle ya bar mini doka a kansa.

Na ce, "Ke, juya baya."

Ta juya. Na rubuta sunan a hankali, kamar ranar da na fara yanka shaddar wani. A gefe na sa: tana koya wa babanta karatu.

Da ta gani, ta ninke takardar ta tura a jakarta. Na ce gobe fa zan kai wa malama.

"Sai dai ka sake rubuta wata, Baba. Wannan tawa ce."