Ƙyallen Atamfa a Rufin Tanti

Shekarar da kafilin maigidana ya fara tafiya da shi farauta, muna zaune a ƙasar Larabawa, unguwar Gubaira, a wani tsohon bene, mu ne a hawan sama. Kafili shi ne Balaraben da takardar zaman mutum take ƙarƙashinsa, shi kake yi wa aiki. Namu mai son farauta da shaho ne. Da sanyi ya kama sai ya kwashi 'yan uwansa da tsuntsayensa su nufi barr, wato can cikin rairayi inda babu gida babu fitila, su yi makonni. Maigidana direbansa ne. A wannan shekarar aka ce shi zai ja motar kaya, kuma ya nemo wa kansa tanti da abin jin ɗumi, tunda wurin kwanan iyayen gida daban, na ma'aikata daban.

Ni abin da ya tsaya mini a rai ƙirjinsa ne. Tun muna gida yake fama da shi. Sanyi kaɗan, ko hayaƙi ya bi ta kansa, sai ka ji numfashinsa yana fita da ƙara kamar ana hura usur. A gari ina kusa, asibiti ma yana kusa. Can kuwa sai Allah sai abin da ya tafi da shi.

Ana cikin haka sai ga wani abokinsa mai zama a unguwar Ulaisha, mutumin garinsu. Dillali ne, babu abin da ba ya sayarwa, firji ne, katifa ce, keken ɗinki ne. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci ya zo da tanti a bayan mota, suka yi ta nishi har suka hau da shi saman rufinmu. Ya ce kyauta ya kawo, saboda zumunci.

Nan ne na fara jin wani iri. Mun daɗe da sanin mutumin nan, ko tsohuwar fanka bai taɓa ba wani kyauta ba. Na dai je na ɗora shayi.

Da suka kafa shi, gaskiya tanti ne mai kyau. Yadinsa mai kauri, bangonsa a tsaye kamar na ɗaki, mutum ya miƙe a ciki kansa ba zai taɓa sama ba. Har da kaskon gawayi aka haɗo. Sai dai ƙamshin turaren wuta da yake yi ya yi yawa, irin wanda aka yi ta turarawa da gangan. Na tambayi kaina wa yake turara tantin da zai bayar. Maigidana ya shige ciki yana ta shafa bango yana yabo, ya ce ko ƙofar allura babu da iska za ta shigo, irin wanda yake so ke nan. Shi kuwa dillalin yana waje. Aka ce ya shigo ya gani, ya ce ai ya riga ya gani. Shayinsa ma a tsaye ya sha, ya ba tantin baya.

Na tambaye shi a hankali na wane ne da. Ya ce na wani Balarabe ne, sau ɗaya ya kwana a ciki ya tafi karatu waje. Can da maigidana ya sake tambaya, sai Balaraben ya koma tsoho mai ciwon ƙafa da ya daina fita. Maigidana bai lura ba, ni na lura.

Washegari da ya fita aiki, yara suka tafi makaranta, na ɗauki tsintsiya na hau. Na share ƙasan, na duba igiyoyi, na bi ɗinkin bango da yatsa. Ban ga ƙonewa ba, ban ga yagewa ba. Har na fara jin kunyar kaina, sai na ɗaga kai.

A rufin, wajen kusurwar baya, akwai faci mai faɗin faranti. Ta waje an sa tamfol mai kama da yadin tantin, shi ya sa ba mu gani ba. Ta ciki kuwa atamfa ce, koriya mai zanen mafici ruwan ɗorawa, an ninka ta, an kalmasa bakinta, an bi ta da ɗinki ƙanana a jere. Ba ɗinkin mai shago ba ne. Hannun mace ne, wadda ta zauna ta nutsu ta yi wa wanda take so. Da na duba 'yan tagogin gefe, su ma an ɗinke su da zare iri ɗaya.

Na sauka na buɗe akwatina, na ciro zanena. Ita ce dai. Ankon da muka yi na wani suna a unguwar Badi'a ne, kuma mu da muka yi ba mu da yawa. Na zauna a bakin gado ina tuno mu ɗaya bayan ɗaya, har na zo kan wata yarinya mai yawan murmushi, wadda mijinta yake yi wa wasu mafarauta girki. Sanyin bara aka kawo gawarsa daga barr. An ce ya kwanta lafiya bai tashi ba. Wanda suka kwana tare ya farka da ciwon kai da amai, da ƙyar aka ceto shi. Mata suka yi ta cewa iskokin daji ne, wasu suka ce zuciya ce. Na tuna ranar zaman makoki tana ta maimaita cewa kullum kukan sanyi yake mata a waya, ita kuwa duk abin da za ta iya ta yi masa. Da ta gama takaba ta koma gida. Wanda ya kwashe kayan ɗakinsu kuwa, shi ne dillalin nan.

Duk shekara in sanyi ya zo sai an yi gargaɗi a talabijin kan kwana da gawayi a rufaffen wuri. Ina ji, ban taɓa haɗa shi da mutuwar yaron nan ba sai ranar. Mu a gida haka muka tashi, a toshe kowace kafa da tsumma, a shigo da kasko. Amma ɗakunanmu na can ko ka toshe suna da inda suke shaƙar iska, ta jinka, ta ƙasan ƙofa. Wannan yadin ba haka yake ba.

Ban yi gaggawa ba. Atamfa ba don mu kaɗai aka buga ta ba, kuma ba na son ɗora wa mutum abin da ban tabbatar ba. Sai da maigidana ya ci abinci ya sha ruwa na gaya masa. Ya yi dariya, ya ce da ma a filin jirgi aka ɗauke ni aikin binciken kaya, da babu abin da zai wuce. Ya ce zato ba kyau, mutum ya yi mana alheri. Na ce na ji, ni dai a kira dillalin ya zo ya sha shayi.

Ya zo da la'asar. Muka hau sama. Na ajiye tire, na warware zanena na shimfiɗa a bakin tantin, sannan na ɗage labulen ƙofar yadda facin zai fito.

"Alhaji, Balaraben naka ya yi anko da mu ne?"

Ya dubi zanen, ya dubi sama. Ya ajiye kofin.

"Hajiya, ke dai ba a iya miki."

"Na mijin yarinyar nan ne ko ba nasa ba ne?"

"Nasa ne," ya ce. "Amma kwana ne ya ƙare. Tanti ba ya kashe mutum."

Daga nan ya yi ta bayani. Wai duk wanda ya gaya wa gaskiya sai ya gudu saboda camfi, abin ya tsaya masa a ɗaki, shi kansa ba ya son ganinsa. Wai ya sa an yi addu'a an tofa, ya turara, in ma akwai wani abu ya tafi. Na tambaye shi ko ya san abin da ke ƙarƙashin facin. Ya ce ya ɗauka yagewa ce. Mutumin da ya yi shekaru yana sayar da kayan barr. Har yau ban san ko gaskiya ya faɗa ba.

Na ɗauko reza, na taka kujera, na fara farke ɗinkin. Ya yi ƙarfi, yarinyar ba ta yi ha'inci ba. Da ƙyallen ya faɗo sai ga rami zagayayye, an kewaye bakinsa da wani farin yadi mai tauri da wuta ba ta ci. Wurin fitar bututun hayaƙi ne, da shi aka yi tantin tun farko. Haske ya sauko ta nan ya tsaya a kan kaskon. Maigidana ya daina dariya.

Ya ce to yanzu ai an gyara, sai a riƙe. Na ce a'a. Ba zan ce babu camfi a raina ko kaɗan ba, amma abin da na fi ji shi ne ba zan iya kallon ramukan allurar nan in san yana kwance a ƙarƙashinsu ba. Na farke tagogin ma, na ce wa dillalin duk wanda zai ba, ya ba shi a haka, ya kuma gaya masa dalili. Ya ce in sha Allahu. Ƙyallen na riƙe.

Sai muka je kasuwar masu tanti da kanmu. Mai shagon ɗan Pakistan ne, baki kamar zuma, shi ma ban yarda da shi ba. Ya fara nuna mana wani mara nauyi mai sheƙi, ya ce kowa shi yake saya. Na murza yadin na ji kamar leda, tartsatsi ɗaya zai huda shi. Na sa maigidana ya gaya masa mai kauri muke so, mai rami a sama da taga a ƙasa. Murhu kuma na ƙarfe mai ƙofa, mai cin itace, mai bututu. Na ce sai an haɗa a gabana. Ya yi tsaki a ɓoye, ya haɗa. Gaɓar bututu ɗaya tana rawa, na nuna, ya ce haka suke. Na tsaya kawai ina kallonsa har ya shiga ciki ya canzo wata.

Saura mutum ɗaya da ban gama yarda da shi ba, shi ne mai tafiyar. Na san shi da jin sanyi. Ranar haɗa kaya na tarar ya cusa kaskon gawayin nan a ƙasan barguna, na cire. Na ga allurar buhu da zare a aljihun jaka, ya ce ta ɗinkin takalmi ce, na cire ita ma. Na ƙara masa bargo da hular sanyi da maganin shaƙarsa.

Duk sanda suka hau tudun da waya take kamawa sai ya kira, kuma maganar ɗaya ce, wai iska tana zubowa ta gefen bututu kamar ana watsa masa ruwa. Nakan ce ya ƙara bargo. Ba maganarsa nake saurara ba, numfashinsa nake saurara, ko zan ji usur ɗin.

Da suka dawo ya yi baƙi ya rame, amma da ƙafarsa ya hau benen. Kafin in zuba masa abinci na sa aka baza tantin a sama. Bakin ramin ya yi baƙi da hayaƙi zagaye, babu alamar allura ko ɗaya. Na ce alhamdu lillahi. Sai na durƙusa wajen tagar ƙasa, na zura hannu cikin naɗin yadin, na ciro safarsa guda, an dunƙule ta.

Ya ce faɗawa ta yi. Na sa ta cikin wanki, na ce ya zo ya ci abinci.