Sallamar Sagiru Mai Cefane

Har yau idan aka ambaci Sagiru Mai Cefane a Ƙofar Durbi, sai wani ya murmusa ya ce, "Wanda ya yi sallama?"

Wata rana ce da azahar ya tsaya a kwanar layin Malam Babaji, ma'aikacin sakatariya, da kayan miya da nama a kwandon babur ɗinsa. Malam bai iso ba, wayarsa a kashe, rana kuma ta fara taɓa naman. Sagiru ya ga asara na tafe, sai ya ƙarasa ƙofar gida ya ɗaga murya yadda duk layin zai ji: "Salamu alaikum! Ga cefanen Malam na kullum!"

Wannan "na kullum" ɗin ita ta jawo masa.

Sagiru dai daga ƙauye ya shigo Katsina yana kabu-kabu. Da ya gaji da rigimar fasinja, ya ɗaura kwando a bayan babur, ya ce duk mai son cefane ya kira shi, zai kai har gida. Shiru kake ji. A garin nan cefane na maigida ne, kuma namijin da wani ƙato ya kai wa tattasai ƙofar gida, majalisa ba za ta bar shi ya sha ruwa ba. Sagiru na shirin kwance kwandon sai Malam Babaji ya ja shi gefe. "Ka sayo, amma ka jira ni a kwana." A nan Malam zai karɓi leda, ya shiga gida yana share goshi yana kukan tsadar albasa, maiɗakinsa Delu na jera masa sannu da rana. Magana ta zaga tsakanin magidanta a ɓoye, har unguwar Kambarawa. Sana'a ta kankama, jarinta kaf rufin asiri.

To, ga shi ya yi sallama. Kafin magariba labari ya gama unguwa. Magidanta suka watse, kowa na tsoron kada gobe a yi sallama a tasa ƙofar. Sagiru ya koma zaman gindin bishiyar bedi da kwando fayau, yana tunanin komawa ɗaukar fasinja. Malam Babaji kuwa, don ya wanke kansa, ya koma shiga kasuwa da ƙafarsa. Ya dinga kawo tumatir mai hawaye da naman da sai an yi masa addu'a kafin ya nuna.

Rannan wayar Sagiru ta yi ƙara. Delu ce.

"Kai Sagiru, mi muka yi maka ka bar mu da cefanen Malam?"

"Hajiya, ai ni na yi ɓarna."

"Wace ɓarna? Tun ranar da nama ya daina zuwa da jijiya na san ba hannun Malam ba ne. Mutumin da bai iya bambance kuka da kuɓewa busassa! Shiru na yi don zaman lafiyar tukunyata. Gobe ka sayo, ni zan gaya maka abin da nike so. Amma ka tsaya a kwana, bawan Allah shina son sannu da ranarshi."

Ita ta raba lambarsa ga matan layin. Yanzu mata ke kira, maza ke karɓa a kwana, kowa ya san kowa ya sani, ba mai cewa uffan. Bana har Sagiru ya ƙara kwando na biyu.

Shekaranjiya a teburin mai shayi, wani Tanko tela ya tsokane shi: "Sagiru, yau ba za a ƙarasa a yi sallama ba?"

Ya kurɓi shayinsa ya ce, "Ni aikina a kwana ya ƙare, Tanko. Daga nan zuwa ƙofar gida, gumin na maigida ne."