Yaya a Kan Sikelin Barkono

Warin busasshen barkono da ƙamshin citta ne ke fara dawo mini idan na tuna ranar, sai ƙarar igiya tana dukan siminti daga bayan ƙofar ƙarfe, tas, tas, tas, da atishawa tana katse ta lokaci lokaci. Yayana ne a ciki. Baba kuma yana tsaye a waje, ya jingina bayansa da ƙofar kamar mai gadin wani abu mai daraja.

Yaya shi ne ɗan fari a gidanmu, ni ce auta. A Rumuokoro aka haife mu duka, cikin hayaniyar tasha da ruwan saman Fatakwal da ba ya sallama kafin ya zo. Baba yana da sito a bayan kasuwa, inda yake sayar da barkono da citta a kan kilo ga masu girkin otal da masu niƙa yaji. Daga kasuwar Ose Okwodu ta Anaca yake sarowa. Yaya kuwa faɗan keji ya sa a gaba, damben zamanin nan da ake haɗa naushi da shuri da kokawa, a rufe mutum biyu cikin ragar ƙarfe.

Wanda ya ji haka zai zaci wani zaki muke da shi a gida. Mutum ne da ke tsoron allura, yake raba kifinsa da kyanwar maƙwabta. Da an sallame asuba yake fita gudu, ya dawo jikinsa na tururi, ya wuce wurin atisaye da ke saman wani shagon taya. Da rana ya taya yaran Baba sauke buhuna, da yamma ya koma atisaye. Kunnensa na hagu ya kumbura ya dunƙule saboda yawan gugar tabarma, har telan layinmu ya riƙa tambayarsa ko ƙosan na sayarwa ne. Aikina shi ne wanke dogayen bandejin da yake naɗe hannu da su. Idan na shanya su iska na kaɗa su, sai in zauna in yi ta kallo har Umma ta tuna mini da tukunyar da na bari a wuta.

Umma ba ta faɗin sunansa, ba ta kuma nuna ta damu da shi, kamar yadda aka koya mata a kan ɗan fari. Duk ranar da ya dawo da kumburin ido sai ta dafa ruwan zafi, ta ɗauko man zafi, ta miƙo mini tana kallon wani wajen ta ce in kai wa wancan. Baba shi ma haka. Magana ɗaya ya taɓa yi a kan faɗan, ya ce ya ba wancan shekara guda. Idan aka sa shi a wasa na gaskiya, wanda ake sa hannu a takarda, to ya ci gaba da abinsa. Idan shekarar ta ƙare bai hau keji ba, ya dawo sito, maganar ta mutu.

Shekarar na dab da ƙarewa aka kira shi. Sai dai a wannan sana'a ba a haɗa mutum sai da mai nauyinsa, kuma ana jajibirin faɗa ake auna kowa a gaban jama'a. Wanda ya haura abin da aka yanka masa, ko da kaɗan ne, za a iya cire shi a sa wani. Masu jiran gurbin Yaya kuwa suna da yawa.

A makon ƙarshe gidanmu ya koma kamar ana jinya. Ba tuwo, ba shinkafa, ba gishiri, sai dafaffiyar kaza fara fat da kokwamba. Umma ta riƙa faɗa wa bango cewa ko a asibiti ana ba mara lafiya gishiri. Da ta sauke miyar ogbono da ta koya wurin maƙwabciyarmu, Yaya sai ya jawo kujera ya zauna gabana, ya haɗe hannu.

“Malama, ci ki ba ni labari,” in ji shi. “Kada ki rage komai. Ba ke ce mai waƙoƙi ba?”

Nakan kai loma in lumshe ido, in ce masa yau manjan ya kwanta a kan miyar kamar rana a kan kogi, busasshen kifin kuma ya saki jiki. Shi kuma ya riƙe ciki ya ce Allah ya isa tsakaninsa da boko.

Kocinsa, wani gajeren mutumin Fatakwal mai wuya kamar turmi, yana da ɗan sikeli a wurin atisaye, amma ko shi bai yarda da shi ba, don idan aka matsar da shi daga wannan kusurwa zuwa waccan sai ya sauya magana. Shi ya sa Yaya ya ce ga sikelin da ba ya ƙarya a sitonmu. Tsoho ne, mai faffaɗan farantin ƙarfe da ake ɗora buhu, da sanda mai zane da ake tura ɗan dutse a kanta har ta daidaita. Duk kasuwa ta san ba wanda ya taɓa sayen kaya wurin Baba ya dawo yana cewa an rage masa. A makon nan Baba yana Anaca yana jiran motar kaya, makullin na hannun Yaya. Kullum da sassafe muke zuwa, ya hau farantin, ni in tura dutsen a hankali ina riƙe numfashi. Ranar Asabar ɗin awo, sandar ta tsaya cak a kan layin da ake so. Ya sauko ya ɗaga ni sama, duk da leɓensa ya bushe ya tsage, don tun jiya bai sha ruwan kirki ba.

A zauren wani otal aka yi awon. Abokin karawarsa ya hau ya sauka lafiya, mutanensa na tafi. Yaya ya hau sikelinsu na lantarki, mai karantawa ya duba, ya sake dubawa, ya ce ya haura da rabin kilo. Aka sauke shi aka sake hawar da shi, maganar ba ta canja ba. Koci ya ja shi gefe yana tambayarsa da turancin kasuwa abin da ya ci a ɓoye, Yaya na rantsuwa. Aka ce an ba shi awa biyu ya dawo.

Rabin kilo ba komai ba ne ga mai ƙoshi. Ga wanda ya riga ya matse jikinsa kamar tsumma, dutse ne. Na fita baranda na kira Umma a waya ina kuka, ban san Baba ya iso gida da safen nan ba sai da na ji muryarsa. Ya tambaye ni a kan wane sikeli wancan ya riƙa auna kansa duk makon. Na ce nasa na sito.

“Ku taho sito yanzu,” ya ce. “Kada ku tsaya ko'ina.”

Sitonmu rufin kwano ne, ba taga. Da tsakar rana ko yaran da ke dako ba sa iya daɗewa a ciki. Da muka sauka daga keke mai ƙafa uku sai muka tarar Baba, da farar rigarsa ta tafiya, yana jan buhuna da kansa yana buɗe fili a tsakiya. Ban taɓa ganin ya ɗaga buhu ba. Koci ya sa wa Yaya rigar ruwa ta leda a kan wata rigar sanyi, ya miƙa masa igiyar tsalle, Baba ya ja ƙofar ya jingina da ita.

Kan a jima 'yan kasuwa sun taru. Mai albasa na kusa da mu ya leƙo ya ce, “Alhaji, ɓarawo aka kama ne?”

“Shanya nake yi,” in ji Baba, bai ko juyo ba.

Aka yi dariya, amma ba ta daɗe ba, don kowa na jin yadda tsallen ke raguwa. Koci na shiga yana fitowa, idonsa jawur saboda yaji, yana duba ko Yaya na gane inda yake. Wata mai sayar da ganye ta ba ni kujera. Na zauna ina bin ƙarar igiyar da salati, duk tas ɗaya da nawa, don ban san abin da zan yi da bakina ba.

Can Yaya ya buga ƙofa, aka buɗe. Ya fito yana layi, gumi na zuba daga hannun rigar ledar kamar an buɗe famfo, ya nufi sikelin da ke bakin ƙofa. Baba ya riga shi. Ya zauna a kan farantin, ya tattara rigarsa a cinya.

“Wannan na barkono ne,” ya ce. “Koma ciki.”

A nan ne na fara ganin sun haɗa ido, su biyun, tun da na yi wayo. Yaya ya koma. Da ya sake fitowa, Baba ya riga ya aika an kira wanzami. Yaya yana da wata suma da yake ji da ita, wadda Baba ya daɗe yana harara daga nesa. Aka zaunar da shi a kan buhun citta aka kwashe ta tas. Mai albasa ya ce ai ko ba a ci wasa ba Alhaji ya ci riba. Baba ko murmushi bai yi ba. Ya tsare mana keke, ya ce mu tafi, shi yana da kaya da zai shirya.

A hanya Yaya ya ɗora kansa a kafaɗata. Sabon askin ya sa ya yi kama da hotonsa na yaye da ke ɗakin Umma. Warin barkono na ta tashi daga jikinsa har mai keken ya riƙa atishawa.

Mun shiga zauren lokaci na dab da cika. Aka kare shi da tawul ya hau. Ni dai ƙafar mai karantawa nake kallo. Sai na ji koci ya yi wani ihu da ban san yana da irinsa ba, ya rungumi wuyan Yaya har suka kusa faɗuwa. Nauyin Yaya ya zo daidai, ba ragi ba ƙari.

A bakin ƙofa muka tarar da yaron maƙwabta da kwando, filas na kunun gyaɗa da kwanon farfesu mai gishiri sosai. Saƙon Umma shi ne ta dafa ne ya yi yawa, idan akwai mai so. Koci ya hana Yaya ci da sauri, ya riƙa ba shi ruwa kurɓi kurɓi. Da ya kai cokalin farko baki ya dube ni ya ce yau shi zai ba ni labari, amma sai hawaye suka zo, ya ce yajin sito ne.

Faɗan washegari ban ga yawancinsa ba, na rufe ido da mayafi, ƙarar ragar ƙarfe kawai nake ji idan an jingina wani da ita. Sun kai ƙarshe kowa na tsaye, alƙalai suka ba abokin karawarsa nasara. Yaya ya dawo gida da ɗinki a gira, yana cewa ƙafafunsa a sito ya baro su. Amma ya hau keji, kuma kafin ɗinkin ya warke an kira shi wani wasan a Inugu. Baba bai sake ta da maganar dawowa sito ba. Wata safiya muka ga kwali a ƙofar ɗakin Yaya, da ɗan sikelin lantarki mai gilashi a ciki. Baba yana sa takalmi ya ce mini in faɗa wa wancan ya daina hawa masa sikeli, zai lalata shi.

Rabin kilon nan ya zama abin tsokana a gidanmu. Koci har yau ya yarda Yaya ya saci ƙosai. Yaya yana cewa Umma ce ta shafa wa kazarsa man shanu, ita kuma ta ce wa bango ita ba ta da man ɓarnatarwa.

Shekaru sun wuce, na gama jami'a, Yaya ya tara tabo da ɗalibai nasa. Lokacin da Baba ya tafi Umara ni ce na zauna a sito, sai sandar sikelin ta cije saboda tsatsar damina. Aka kira mini mai gyaransa, wani dattijo ɗan kasuwar Ochanja ta Anaca da ke zuwa duba shi tun kafin a haife ni. Ya kwance, ya goge, ya sa mai, sannan ya ɗora yatsa a kan wata ƙaramar ƙusa da ke bayan sandar, ya tambaye ni ko ya bar shi yadda Alhaji ke so, ko ya mai da shi daidai. Na ce ban gane ba. Ya ce tun ranar da Baba ya sayi sikelin ya sa shi ya ja shi baya, ya riƙa nuna ƙasa da nauyin gaskiya da rabin kilo, saboda nauyin buhu da ƙurar da ke cikin kaya, kada haƙƙin wani ya kwana a sitonsa, ya kuma roƙe shi kada ya faɗa wa kowa.