Tudun da Kakana Ya Tara

Kakana ya yi aikin kuza a Jos yana saurayi, kuma ya dame mu a unguwarmu ta Herwagana cewa sai ya sake ganin ramin da suka haƙa kafin idonsa ya gama mutuwa. Wata Asabar yayana ya aro mota muka tafi. Ni dai hoto ne ya kai ni.

Da muka wuce Toro hanya ta fara hawa, iska ta yi sanyi, ga duwatsu sun hau kan juna. Daga Bukur zuwa Barikin Ladi, kowane tafki sai mun tsaya. Kaka ya leƙa, ya girgiza kai, mu koma mota.

Na ce, "Tsoho, duk ruwa ɗaya ne. Zaɓi guda mu tafi, yunwa nake ji."

Ya ce, "Ku ji min mata, ko tausayin miji babu."

A tafki na gaba ban jira shi ba. Na haye wani jan tudu da wayata, ina cewa lallai Allah ya yi halitta a nan. Can na hango kaka ya tsaya cak, yana kallon wani tsagaggen dutse a tsallaken ruwa.

Ya ce, "Sauko, amarya. Wannan tudun mu muka tara shi, da kwano a ka. Ramin ne ruwa ya cika."

Na ƙi saukowa, na ce shi ya hawo. Yayana ya riƙo hannunsa har sama, na ɗauke shi hoto yana haki, yana dariya, yana cewa ya sake ni.