Kwalabena Tara a Tagar Dokta Herlinda

Da hantsin ranar Talata, sha ɗaya ga watan Fabrairu, ina tsugune a bakin rafin da ke bayan jami'armu ina cika kwalba, Maritza ta kira ni ta ce Allah Ya yi wa mahaifiyarta rasuwa a garin Riobamba, bayan jinyar mako uku. Dokta Herlinda Toapanta, tsohuwar shugabar jami'a, wadda ta tara shugabannin jami'o'i goma sha huɗu na tsaunukanmu a ƙungiya ɗaya domin kula da ruwa da ƙasa da sharar makarantunsu, ta tafi tana da shekara saba'in da ɗaya. Kwalbar da ke hannuna ke zan kai wa, Dokta, domin taronmu saura kwana goma sha tara.

Ban taɓa ganin mai tambaya irinki ba. Kin taɓa bin motar shara ta jami'arku tun daga ƙofa har inda take juyewa, don kawai ki gani da idonki. Lokacin da matata take kwance a asibiti kin yi tuƙin awa huɗu da tukunyar romon kaza, kika ba ta da hannunki, sannan kika tsare mai goge ɗakin kina tambayarta ina ruwan bokitinta yake zuwa.

Ƙungiyoyi irin tamu, abin da aka saba shi ne a sa hannu a takarda, a ɗauki hoto, a ci abinci a watse. Ke kika kafa wata doka. Kowace shekara kowane shugaba zai zo da kwalba ɗaya ta ruwan da ke fita daga makarantarsa, daga daidai inda yake barin katanga, ya ajiye a gabansa kafin ya buɗe baki.

Shekarar da na fara zuwa, watana uku da hawa kujera. Na je rafinmu na ga abin da ɗakunan gwaji da ɗakin girki suke zubarwa, ruwa toka-toka mai kumfa da wari. Kunya ta kama ni. Na tsaya a kanti na sayi ruwan roba, na ɓare takardar jikinsa. A wurin taro kwalaben sauran kamar ruwan wankin dankali, tawa kuwa sai ƙyalli take yi. Kika ɗaga ta kika duba ta a hasken taga.

"Kai, Eliecer, wannan ruwa naka ai ko fadan coci zai yi baftisma da shi," kika ce. "Wa ke amfani da shi a ƙasa da ku?"

"Mutanen ƙauye, Dokta."

"Mutanen ƙauyen ba su da suna? Mutum ɗaya nake so. Sunansa, da abin da yake nomawa."

Wani tsohon shugaba ya ce, "Ki bar shi, Dokta, sabo ne. Ko hanyar banɗakin ofishinsa bai gama ganewa ba." Aka yi dariya, kika sa kwalbar a jakarki tare da sauran, aka ci gaba.

Tambayar ce ta hana ni sakat. Da na koma na bi rafin da ƙafa har na iske wata dattijuwa mai noman albasa, Doña Eduviges Pilco. Na gaya mata ko ni wane ne.

"Au, kai ne mai gidan da ke saman rafin? Zauna, ɗana," ta ce. "Shekara shida ina neman wanda zan zaga. Amma fara cin masarar nan tukuna, ba na zagin mai yunwa."

Ta zage ni tas, ta nuna mini hannayenta da suka tsattsage da albasarta da ta yi rawaya. Daga nan muka fara. Muka kira gayya, ɗalibai da malamai da manoma, aka haƙa tafkuna uku aka dasa ciyawar fadama mai tace ruwa. Dattin ɗakunan gwaji aka koma tara shi a duro. Kowace shekara ina kawo miki ruwan gaskiya, kowace shekara yana ƙara washewa. Bana gwaji ya nuna ana iya shansa. Niyyata in sha a gabanki, sannan in faɗi abin da na yi shekara tara ina ɓoyewa. Abin da nake son sani kuma guda ɗaya ne: kin gane, ko kuwa na yaudare ki? Idan kin gane, me ya hana ki tona ni, ke da ba ki barin tambaya ta kwana?

Ranar addu'ar kwana tara, bayan an sha shayin kirfa an fara watsewa, Maritza ta ja ni zuwa ɗakin karatunki. Ashe kwalaben nan ba zubar da su kike yi ba. Ga su nan jere a kan katako a jikin taga, fiye da ɗari, wasu sun yi gansakuka, wasu laka ta kwanta a gindinsu. Babu sunan jami'a ko ɗaya a jikinsu. Sunan mutumin da ke ƙasa kika rubuta wa kowace. Nawa guda tara ne, takwas duk sunan Eduviges ke jikinsu. Ta farkon tana nan garau kamar jiya aka saye ta, da rubutunki a jiki: "Na kanti. A ƙyale shi. Zai je."

"Kawu, ai tun a mota ta gaya mini," in ji Maritza. "Ka ɓare takardar amma ka bar murfin kamfanin. Ta yi ta dariya har gida."

"To me ya sa ba ta taɓa faɗa mini ba?"

"Na tambaye ta. Ta ce in ta kunyata ka a gaban mutane, badi wayon kwalba za ka ƙaro. Ita rafin take so ka je ka gani."

Na yi kuka a ɗakin nan, ban ɓoye ba. Na ciro kwalba ta goma daga jakata, na sha rabi, Maritza ta kurɓa, na rubuta sunan Doña Eduviges na ajiye ta kusa da ta farkon. Wadda zan kai taro zan sake ɗebowa, kuma dattijuwar ta ce da ƙafarta za ta zo ta ga shugabannin da ake faɗa.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Maritza da 'yan'uwanta, da jikoki, da ɗalibanki da ke ko'ina, da dukan waɗanda sunayensu ke jikin tagar nan ba su sani ba. Allah Ya ba mu haƙurin rashinki. Allah Ya ji ƙanki, Dokta, Ya gafarta miki, Ya rufa miki asiri kamar yadda kika rufa mini, Ya shayar da ke ruwa mai sanyi a inda kika sauka. Amin.

Eliecer Naranjo